Yadda Ake Saka Lagireton Baƙin Mai a Injin Babur Mai Taya Huɗu

Tun da bazara ta kunno kai tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa daga masu babur mai taya huɗu, musamman waɗanda ke aiki da shi a gonakin Shika, Giwa, Soba da fadamar Galma: yaya ake ƙara wa injin ɗan lagireton da zai riƙa sanyaya baƙin mai, kuma me aikin zai ci? Dalilin tambayar a fili yake. Yawancin waɗannan babura iska ce ke sanyaya injinsu, aikin da ake ba su kuwa ba na gudu ba ne; ana ɗora musu buhunan taki ko a ɗaura musu 'yar tirela, su yi ta rarrafe tsakanin kunyoyi a watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Iska ba ta bugun injin, mai ya tsinke, ƙarfi ya ragu, tun ana jin ƙauri har a fara ganin hayaƙi.

Aikin ba ya fi ƙarfin mai hankali da ya saba riƙe sifana, amma akwai abin da ya kamata ya zauna a zuciya tun daga farko. Lagireton yana shiga ne tsakiyar hanyar da mai ke bi, saboda haka duk kuskuren da aka yi a kansa yanke wa injin mai yake yi. Zafi yakan ɗauki watanni yana cin inji, rashin mai kuwa mintoci kaɗan yake buƙata. Wannan ne ya sa aka jera matakan yadda suke, kuma bai dace a tsallake ɗaya don gaggawa ba.

1. Auna zafin kafin ka sayi komai

Ba kowane injin da ke ƙona hannu ne ke buƙatar lagireto ba. Ka nemi bindigar auna zafi ta masu aikin injiniya, ba irin wadda aka riƙa auna goshi da ita a zamanin korona ba, domin waccan ba ta karanta abin da ya wuce zafin jikin mutum da yawa. Ka yi aikin da ka saba yi da babur ɗin, da irin kayan da ka saba ɗauka, da tsakar rana, sannan ka tsaya ka auna jikin tukunyar mai kusa da bol ɗin juye. Ka rubuta abin da ka gani tare da lokacin da wurin, domin da wannan lambar za ka gwada sakamakon aikin daga baya. Ka tuna cewa man da ke ciki ya ɗan fi jikin ƙarfen zafi.

Baƙin mai yana aiki lafiya tsakanin digiri 80 zuwa 110. Idan yana haura 120 ya daɗe a can, yana saurin tsinkewa da ƙonewa, kuma a nan ne lagireto ke da amfani. Wanda ya auna ya sami abin da bai wuce 100 ba, ya ajiye kuɗinsa.

Ko da lambar ta yi sama, a fara bincikar abin da ke jawo zafin. A duba haƙarƙarin silinda, domin sau da yawa za ka tarar laka ta bushe a tsakaninsu ta gauraya da ƙaiƙayi har ta zama kamar daɓe, iska ba ta da inda za ta ratsa. A cire fulogi a kalli bakinsa: idan ya yi fari tas, kafireto na ba da iska fiye da fetur, kuma wannan kaɗai ya isa ya dafa inji. A duba ko birki na kamawa, ko bawul sun matse, ko bel na zamewa. A injin GY6 kuma, wato irin na babur sukuta mai fanka a jikinsa, a tabbatar murfin robar da ke kewaye da silinda yana nan cikakke, domin shi ke bi da iskar fanka. Wasu makanikai kan cire shi su jefar da sunan a bar inji ya sha iska, alhali akasin haka ke faruwa.

Gargaɗi: idan babur ɗin mai sanyaya da ruwa ne, a fara da lagireton ruwansa da fankarsa. Idan kuma sabo ne da ke da garanti, a sani cewa taɓa hanyar mai na iya soke garantin.

2. Gano inda za a ɗebo man

Wannan shi ne matakin da ke yanke hukuncin irin kayan da za ka saya, kuma a nan aka fi yin asarar kuɗi, domin mutum kan sayo lagireto mai kyau ya dawo gida ya tarar ba shi da inda zai haɗa shi. Ka duba lambar da aka buga a jikin injin, ka ɗauki hotonta da hoton injin ta kowane gefe kafin ka je kasuwa.

Manyan babura masu filta irin ta gwangwani, wadda ake murɗawa a cire, su ne mafi sauƙi. Ana saka wani faifan alminiyom tsakanin injin da filtar, mai baki biyu, ɗaya na fita ɗaya na dawowa. Abin lura shi ne tiredin, domin akwai M20 x 1.5 akwai kuma 3/4-16, kuma sun yi kusa da juna har mutum zai iya tura ɗaya a wurin ɗaya ya ɓata duka biyun. Faifan yana ƙara kaurin santimita biyu zuwa uku, don haka a auna a ga ko filtar za ta ci gaba da fita ba tare da ta tokari firam ba. Injin da filtarsa ta takarda ce a cikin murfi kuwa, ana sauya murfin ne da wani mai baki biyu wanda aka ƙera don wannan injin kansa.

Ƙananan injuna kwantattu, masu girman cc 110 ko 125, ana ɗebo musu man ne daga ɗan murfin da ke gefen dama na kan silinda. A cire na asali a sa adafta a madadinsa, man da ke hawa zuwa ga bawul sai ya fara zagayawa ta lagireto kafin ya shiga. Ba duka man injin ke bi ta nan ba, kaso ne kawai, kuma famfon waɗannan injuna ƙarami ne, shi ya sa ɗan ƙaramin lagireto ya fi dacewa da su.

Injin GY6 mai 150, da wasu tsayayyun injuna masu 200 da 250, galibin adaftar da ake sayar musu tana shiga ne a wurin babban murfin rariyar mai da ke ƙasa. Ina so a fahimci bambancin wannan da sauran: a nan famfo ba tura man yake yi zuwa lagireto ba, tsotso shi yake yi ta cikinsa. Idan akwai ɗan ƙaramin wurin da iska ke shiga, ba za ka ga ɗigon mai a ƙasa ya faɗakar da kai ba. Famfo zai yi ta zuƙar iska, injin na gudu a bushe. Irin wannan haɗin yana buƙatar gajeren tiyo, lagireto da bai yi sama ƙwarai ba, da ɗauri marar ko shakka. Ga shi kuma adaftar tana leƙowa ƙasan inji, inda kututturen masara da duwatsu ke jiranta, saboda haka farantin kariya a ƙasa ya zama dole.

Gargaɗi: akwai masu huda jikin injin su yanka tiredi a hanyar mai kai tsaye. Ana yi, amma sai an wargaza injin an wanke shi bayan hudar. Kada ka yarda a huda maka inji a haɗe, domin garin alminiyom ɗin cikin mai zai zuba.

3. Kayan aiki da kuɗin da za su ci

Abin da ake buƙata shi ne lagireton kansa, adaftar da ta dace da injin, tiyo biyu na mai, bakunan haɗi ko bol masu rami da ake kira banjo tare da sababbin washa na jan ƙarfe, kilif masu kyau, sabon gasket ko zoben roba, robobin da za su shiga tsakanin lagireto da maɗaurinsa, ragar ƙarfe ta kariya, da sabon baƙin mai wanda ya ɗara na juyen da aka saba. Kayan hannu kuwa ba su wuce sifanu daga lamba 8 zuwa 19, sukundireba, filaya, wuƙa mai kaifi, babban sirinji, da kwano mai tsabta ba. Wanda ya sami sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya yi dace.

Game da girma, ra'ayina shi ne injin 110 zuwa 150 ya tsaya a lagireto mai layin bututu uku zuwa biyar, mai 200 zuwa 250 ya ɗan ƙara, a bar masu layi goma ko fiye ga manyan injuna. Girman da ya wuce kima yana rage ƙarfin turin mai kuma yana hana shi kai wa zafin aiki da safe. Idan ka sami faifan da ke da bawul mai buɗewa da zafi, wanda ke barin mai ya bi ta lagireto sai ya kai wajen digiri 80, ka saye shi ko da ya fi tsada, domin shi ke raba ka da damuwar hunturu.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka abin da zai amfane ka shi ne sanin inda kuɗin ke tafiya. Lagireto da adafta su ne kaso mafi tsoka, sai tiyo da bakunansa, sai fanka idan za a saka, sannan mai, sannan ladan mai walda da na bakanike. A fara tambaya a shagunan kayan babur na Sabon Garin Zariya. Abin da ba a samu ba a nema a Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko a yi oda ta intanet da lambar injin. Ka nemi a faɗa maka kuɗin cikakken saiti, ba na lagireto kaɗai ba, domin ƙananan abubuwan nan idan aka saye su ɗai-ɗai sukan kusa cimma babban. Idan kuɗi ya gaza, a rage a kan ado da fenti, a jinkirta fanka, amma kada a rage a kan tiyo.

Gargaɗi kan tiyo: dole ne ya zama wanda aka yi don mai zafi, mai zare a cikin jikinsa, irin na man giyar mota, mai faɗin ciki milimita 8 ko 10 gwargwadon bakin adafta. Tiyon fetur ba ya jure wannan zafin, farin tiyon ruwa kuwa idan mai ya haura digiri 100 laushi yake yi kamar dafaffiyar taliya ya zame daga bakinsa.

Gargaɗi kan lagireto na hannu: wanda aka ciro daga injin da ya buga, a bar shi, domin ɓarɓashin ƙarfe na maƙalewa a lungunansa kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Wanda aka san asalinsa a wanke shi da kananzir sau da yawa har ya fito garau, a bar shi ya bushe, sannan a kai wa mai faci: a toshe baki ɗaya, a ba shi iska daidai ta tayar mota, a nutsa shi a ruwa. Kumfa ko ɗaya ta fito, ba ya aiki.

4. Wanki da juye

A wanke babur ɗin tas, musamman kewayen inda za a buɗe, a bar shi ya bushe. A yi aikin a kan daɓe, a inuwa, inda iska ba ta kwaso ƙura. A lokacin hunturu ma gara a shiga cikin ɗaki. A kunna injin mintoci kaɗan don man ya saki, a kashe, a cire wayar batir ta nagetif, a juye man a kwano. Ka kalli man da rariyar a hasken rana. Idan kana ganin ƙyalli kamar garin azurfa, injin na da ciwon da lagireto ba zai warkar ba, a tsaya a fara da wannan.

Gargaɗi: man da ya fito daga injin da ya dawo daga aiki yana salluɓe fata, a bari ya huce. Tsohon man kuma a zuba a jarka a ba masu shafa wa katakon rufi don gara, kada a tuttular a kwata ko a gona.

5. Ɗaura adafta

A goge fuskar da adafta za ta zauna har tsohon gasket ya fita duka, ba tare da an karce alminiyom ɗin ba, a kuma cusa tsumma mai tsabta a ramin don kada tarkace ya faɗa. Kafin ka ɗaura, ka ɗora sabon gasket a kan adaftar ka ɗaga su wajen haske, ka tabbatar kowane ramin mai yana kallon ɗan'uwansa. A ƙananan injuna gasket ɗin kan shiga ta fuska biyu, amma fuska ɗaya ce daidai. Ɗayar tana rufe ramin mai ruf, kuma daga waje babu abin da zai nuna maka. Zoben roba a shafa masa ɗan sabon mai kafin ya zauna. Ka kuma hura kowane baki na adaftar da bakinka don ka gane wanne ne na fita wanne ne na dawowa, ka sa musu alama da fenti.

Kowane bol a fara murɗa shi da yatsu har ya yi zagaye uku ko huɗu cikin sauƙi kafin sifana ta taɓa shi. Banjo yana ɗaukar washa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma sababbi. Tsohuwar washa za ka ga zoben da ɗaurin farko ya bari a jikinta, ta riga ta taurare, ba za ta sake kwanciya ba. Da yake cikin banjo rami ne, ba shi da ƙarfin bol na yau da kullum, ana ɗaure shi ne har washa ta kwanta sannan a ɗan ƙara kaɗan. Idan kayan sun zo da takardar da ta faɗi ƙarfin ɗauri, ita za a bi.

Gargaɗi: kada a yi amfani da gam a hanyar mai. Wanda ya matso waje kana ganinsa, amma daidai shi ya matso ciki, kuma idan ya ɓalle ramin da ke kai mai ga bawul zai je ya toshe. Idan bakanikenka ya miƙa hannu ga gam, ka ce masa, "Oga, a bar gam ɗin nan, ga sabon gasket na kawo." Farin tef na masu famfo ma ba ya da wuri a kan banjo.

6. Wurin zaman lagireto

Wuri mafi kyau shi ne gaban firam, bayan bamba, inda iska ke shigowa kai tsaye, a sama da inda taya ke watso laka. Ka riƙe shi da hannu a wurin, wani ya juya kan babur ɗin har ƙarshe dama da hagu, sannan ya danna gaban da nauyinsa don shokazoba su nutse. Duk abin da ya matso kusa da taɓawa, a canza wuri. A bar sarari a bayansa don iskar da ta ratsa ta sami mafita, kuma kada a manna shi a jikin silinda har ya tare wa injin tasa iskar.

Bakunan su kalli sama ko gefe. Idan gefe suke kallo, mai ya shiga ta na ƙasa ya fita ta na sama, ta haka yake koro iskar da ke ciki. Bakunan da ke kallon ƙasa suna barin iska ta taru a sama, wani sashe na lagireton ya zauna babu aiki.

Maɗaurin a yanka shi da kwali tukuna a gwada, sannan a kai wa mai walda ya yi na ƙarfe, a ɗaure shi a bol ɗin da firam ke da su tun asali. Tsakanin maɗauri da lagireto a sa roba a kowace kusurwa, domin girgizar hanyar gona tana tsaga alminiyom ɗin da aka ɗaure ƙam da ƙarfe, kuma tsagar takan fara ne daga gindin baki. Ragar kariya ta zauna da tazarar yatsa ɗaya ko biyu a gabansa, mai idon da zai tare kara da tsakuwa ba tare da ya tare iska ba.

Gargaɗi: idan ya zama dole a yi walda a jikin firam, a cire batir gaba ɗaya, a zare soket ɗin CDI, wato ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta, a sauke tankin fetur. Huda bututun firam kuwa raunana shi yake yi.

7. Shimfiɗa tiyo

A auna hanyar da igiya kafin a yanka, a ƙara ɗan sarari. Tiyo ya bi hanya mafi kusa, amma lanƙwasarsa ta zama mai faɗi, domin inda ya karye nan mai zai tsaya, kuma tiyon da ya yi kamar lafiya da sanyi yana iya karyewa idan ya ɗumama. Ya nisanci salansa da aƙalla faɗin yatsu uku, ya nisanci sarƙa, sandar sitiyari da duk abin da ke juyawa. A wasu babura injin yana motsi tare da ƙafar baya, lagireto kuwa na kafe a firam. A irin wannan a bar wa tiyo isasshen sako, a gwada ta hanyar hawa da sauka a kan babur ɗin ana kallo. Duk inda zai gogi ƙarfe a tsaga guntun tsohon tiyo a naɗa masa, a ɗaure shi da firam a wurare da yawa ba tare da an shaƙe shi ba.

Bayan yanka, a hura cikin kowane tiyo a wanke shi, domin ɓarɓashin roba na zama a baki. A tura shi har ya wuce ƙullin bakin ƙarfen gaba ɗaya, kilif ya zauna a bayan ƙullin, ba a kansa ba.

Gargaɗi: wajen ɗaure baki a jikin lagireto a yi amfani da sifana biyu, ɗaya ta riƙe gindin ɗaya ta murɗa. Da sifana ɗaya, gindin ne zai murɗe ya tsage. Wayar ɗauri kuma ba ta maye gurbin kilif.

8. Fanka

Babur ɗin da yawancin aikinsa rarrafe ne da kaya yana buƙatar fanka, in ba haka ba lagireton zai zauna cikin iskar da ba ta motsi. Ƙaramar fanka mai aiki da wutar volt 12 a bayan lagireto, tana jawo iska ta cikinsa, ta isa. Wuta ta taso daga batir ta bi ta fis sannan rile, wato maɓallin da wuta ke kunnawa, rilen kuma ya karɓi umarni daga wayar da ke samun wuta sai an buɗe makulli, domin kada fanka ta kwana tana juyi. A gwada da takarda a gaban lagireto: idan ta manne, fanka na juyawa daidai, idan ta ture ta, a sauya wayoyin biyu.

Gargaɗi: cajin ƙananan injuna ba shi da yawa. Fanka da fitila tare a kan silo suna iya cinye batir, don haka a zaɓi mai ƙaramin ci, a sa mata maɓalli.

9. Tabbatar da mai na zagayawa

Duk abin da aka yi a baya, a nan ake sanin ko ya yi. A mayar da bol ɗin juye, a zuba mai gwargwadon abin da littafin injin ya ce. Ƙananan injuna galibi ƙasa da lita ɗaya suke ci, masu 200 da 250 kuwa lita ɗaya da ɗan ɗoriya. Idan kulocin injin a cikin mai yake, a nemi mai alamar JASO MA. Sannan a ɗauki sirinji a cika lagireton da tiyon biyu da sabon mai a hankali har kumfa ta daina fitowa. Wannan cikon ba na zaɓi ba ne, musamman ga injin da famfonsa tsotsowa yake yi.

A mayar da wayar batir, a cire fulogi, a kashe maɓallin wuta ko a jingina fulogin da jikin inji nesa da raminsa. A haɗin da famfo ke turawa, a kwance tiyon dawowa daga wajen inji a sa bakinsa a kwalba, a juya injin da sitata daƙiƙa biyar-biyar ana hutawa. Da farko za ka ga tofi da kumfa, sannan mai ya fara zuwa a tsaye, ruwan zuma, yana bin bugun injin. Sai ka ga wannan da idonka za ka mayar da tiyon ka ɗaure. A haɗin tsotso kuwa ba a kwance tiyo, domin iska za a shigar. Shaidar a kan silinda ake nemanta.

A mayar da fulogi, a buɗe murfin duba bawul, a kunna injin a bar shi a silo, kada a murɗa totur. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya kamata ka ga mai yana jiƙa wurin yana fantsama. A rufe murfin, a bar injin ya ɗumama, a bi kowane haɗi da farar takarda ana dangwalawa. Idan an taɓa tiyon biyu, na shiga lagireto ya fi na fita daga cikinsa zafi. Lagireton da ya zauna da sanyi bayan injin ya yi zafi sosai alama ce mai ba ya bi ta cikinsa.

Gargaɗi: idan minti ɗaya ya cika kan silinda a bushe, ko ka ji ƙarar bawul ta ƙaru, ka kashe nan take. Kada ka ce bari a ƙara ba shi lokaci, kada kuma ka ba shi wuta don man ya taso. Ka koma ka duba gasket, juyin tiyo da shigar iska.

A kashe, a jira minti biyu ko uku a wuri mai daidai, a duba geji a cika abin da ya ragu, domin lagireto da tiyo sun ɗauki rabonsu. Daga yau haka za a riƙa duba mai, bayan an ɗan kunna an kashe. Idan lagireton ya fi tukunya tsayi, man cikinsa kan gangaro da dare, da safe geji ya nuna ya yi yawa. Wanda ya rage shi a wannan lokacin ya bar injinsa da ƙarancin mai. Babur mai tankin baƙin mai na daban kuma yana da tasa hanyar dubawa, a bi littafinsa.

10. Gwaji da kulawar bayan aiki

Fita ta farko ta zama gajera, babu kaya, kusa da gida. A dawo a duba haɗi da geji, a bar injin ya huce sarai, a sake ɗaure kowane kilif, domin roba na kwanciya bayan zafin farko. Sai a fita ta biyu a maimaita ainihin aikin da aka auna a mataki na ɗaya, a lokaci guda, a auna wuri guda. Idan lambar ta sauko cikin 80 zuwa 110, buƙata ta biya. Idan ba ta motsa ba alhali lagireto na zafi, iska ce ba ta ratsa shi, sai a duba wurin zama da fanka. A mako na farko a riƙa leƙa ƙasan babur ɗin kowace safiya kafin a kunna.

Lagireton da laka ta toshe ba ya sanyaya komai, saboda haka da damina a wanke shi bayan kowace fita, daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi. A gargaɗi yaran wurin wankin mota kada su kusanto masa da bakin injinsu, domin yana kwantar da siraran ganyayyakinsa. Da kaka kuma ƙaiƙayi da gashin masara ne ke cika ragar. A watannin Disamba da Janairu, idan babu bawul mai buɗewa da zafi kuma awo ya nuna mai ba ya kai wa 80, a rufe rabin fuskar lagireton da kwali har sanyi ya wuce; alamar man da ba ya ɗumama ita ce farar kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai. Lagireto ba ya tsawaita lokacin juye a wurin da ƙura ta yi yawa kamar namu, kuma tun da wani tsohon mai na saura a cikinsa, gara a riƙa juyewa a kan kari. A kowane juye a matsa tiyo da yatsa, wanda ya taurare ko ya fara tsattsagewa a gindin kilif a canza shi.

A akwatin kayan babur ɗin a ajiye guntun bututun ƙarfe mai tsawon yatsa wanda ya dace da cikin tiyo, kilif biyu, sukundireba da rabin lita na mai. Idan kara ya huda lagireto a cikin daji, a kashe injin nan take, a zare tiyon biyu daga jikinsa, a haɗa su da juna ta wannan bututun, a ɗaure, a cika mai, a tabbatar yana kai wa kan silinda kamar yadda aka yi a mataki na tara, sannan a taho gida a hankali. Kada a toshe bakunan tiyon da ƙusa ko itace, domin hakan yanke wa injin mai ne gaba ɗaya.